Akwatin Da Ya Haɗa Tarho Da Intanet A Gidajen Makka

A cikin shirin kimiyya na wannan mako za a yi bayanin wata 'yar na'ura wadda ta yawaita a gidajen Makka da Jidda, har alhazai su kan gan ta a masaukansu, waɗansu ma su kan yi sha'awar sayenta su kai gida tsaraba. Ɗan akwati ne, girmansa bai wuce na littafi ba, da 'yan fitilu suna ƙyaftawa a gabansa, da ramummuka a bayansa inda a ke cusa wayoyi. 'Yan kasuwa suna kiransa rauta. Amma wannan suna na aiki guda ne kawai daga cikin ayyuka huɗu da akwatin ke yi. Wanda bai san bambancin ayyukan nan ba ya kan yi hasarar kuɗinsa wajen saye, ko kuwa ya dogara ga tarhon da zai yi masa shiru ran da ya fi bukatarsa.

Kafin a buɗe cikin akwatin, ya kamata a waiwayi baya kaɗan. A cikin 1876 Alexander Graham Bell ya ƙago tarho a Amurka. Shekara arba'in bayan haka, watau a cikin 1916, akwai wayar tarho tsakanin Jidda da Makka, kuma Sharif Husaini ya kan yi magana da baƙin da su ka sauka Jidda ta cikinta, shi yana zaune a Makka. Da mulki ya koma hannun Sarki Abdul'aziz, sai ya kafa hukumar gidan waya da tangaraho da tarho a cikin 1926. Marubuta tarihi da yawa sun kawo labarin cewa waɗansu malamai sun yi shakkar na'urorin nan da farko, sai Sarkin ya sa a ka karanta Alƙur'ani ta cikinsu, sa'an nan hankalinsu ya kwanta. A cikin 1998 a ka kafa kamfanin STC ya karɓi aikin tarho daga hannun ma'aikatar gwamnati, a cikin 1999 kuma a ka buɗe wa jama'ar Saudiyya intanet. A lokacin nan, in mutum ya hau intanet, tarhon gidansa ya toshe ke nan sai ya sauka, gama waya ɗaya ce ba ta ɗaukar aiki biyu. Akwatin da a ke bayaninsa yau shi ne ya raba wannan gardama. A Turai, ɗaya daga cikin waɗanda su ka yi suna wajen haɗa ayyukan nan cikin akwati guda shi ne Fritz!Box, wanda kamfanin AVM na birnin Barlin ya fito da shi a cikin 2004.

To, aiki na farko shi ne na tafinta, sunansa modem. Kwamfuta ba ta san kome ba sai alamu biyu, akwai da babu, kamar yadda mai buga tangaraho ba shi da kome sai gajeren bugu da dogo. Kowace alama guda masana suna kiranta bit. Wayar da ta fito daga ofishin tarho kuwa ba ta jin wannan harshe, sai kaɗawar lantarki ko walƙiyar haske. Aikin modem shi ne ya juya alamun kwamfuta su zama abin da waya ke ɗauka, in amsa ta komo kuma ya sake juya ta. Modem ɗin da kamfanin Bell ya fitar a cikin 1962 yana aika bit 300 a sakan ɗaya. A cikin 1998 an kai 56,000, daga nan kuwa hanyar muryar tarho ta ƙure, ba ta iya ɗaukar fiye da haka.

Dalilin ƙurewar shi ne, an shirya tarho domin muryar ɗan Adam, watau kaɗawa daga sau 300 zuwa sau 3,400 a sakan. Amma wayar jan ƙarfe ita kanta tana iya ɗaukar kaɗawar da ta fi haka nesa ba kusa ba. Sai masana su ka bar wa murya ƙasan hanya, su ka ɗora saƙon kwamfuta a samanta, daga kaɗawa sau 25,000 har fiye da sau miliyan ɗaya. Wannan dabara ita ce ADSL, wadda a ka daidaita ƙa'idarta a cikin 1999, tana kawo har bit miliyan 8 a sakan. Ƙanwarta, VDSL2, tana kai miliyan 100. Aibinsu guda ne: gwargwadon nisan gida daga ofishin tarho, gwargwadon raunin saƙon, kamar yadda kiran mai kira ke dushewa in ya yi nisa.

Iri na biyu na modem shi ne na zaren gilashi. A cikin 1966 wani masani mai suna Charles Kao, yana aiki a Ingila, ya nuna cewa in an tace gilashi sarai, haske zai iya tafiya mai nisa a cikinsa yana ɗauke da saƙo. An ba shi kyautar Nobel a cikin 2009 saboda wannan. Tsakiyar zaren, inda hasken ke bi, ba ta kai kaurin gashin kai ba. A tsarin da a ka fi amfani da shi a gidaje, mai suna GPON, zare ɗaya ya kan fito daga ofis ɗauke da bit kamar miliyan 2,500 a sakan, sa'an nan a rarraba shi ga gidaje 32 ko 64, nisansa kuwa ya kan kai kilomita 20. Hasken nan ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi wa ido lahani. Saboda haka kada a leƙa bakin zaren, kada kuma a lanƙwasa shi da ƙarfi, gama gilashi ne, ya kan tsage a ciki ba a sani ba.

Iri na uku ba shi da waya ko kaɗan. A kan sa masa sim kamar na wayar hannu, ya kamo saƙo ta iska daga ƙarfen kamfani, ko ta 4G ko ta 5G. A Saudiyya, ban da STC, akwai Mobily wanda ya fara aiki a cikin 2005, da Zain a cikin 2008, kuma an fara 5G a ƙasar a cikin 2019. Mai sauraro ya riƙe waɗannan iri uku da kyau, domin za a komo kansu.

Aiki na biyu shi ne na rauta kansa, wanda ya yi kama da aikin akawun gidan waya. Saƙo ba ya tafiya a intanet a dunƙule. A kan yayyanka shi ƙunshi ƙunshi, kowane ƙunshi bai cika wuce haruffa 1,500 ba, a bayan kowane kuma an rubuta lambar mai aikawa da ta wanda a ka aika wa. Tsohon tsarin lambobin nan yana da lamba kamar miliyan 4,300 kaɗai, babban rumbunsu kuwa ya ƙare a cikin Fabrairun 2011, alhali mutanen duniya sun kai miliyan 8,000 a cikin 2022. An fito da sabon tsari mai yalwa, IPv6, amma har yanzu tsohon yana aiki tare da shi. Saboda ƙarancin nan, kamfani ya kan ba gida duka lamba guda. Rauta shi ke ba kowace waya da kowace kwamfuta ta cikin gidan lambar cikin gida, shi ke rubuta wanda ya aika da me, in amsa ta zo ya miƙa wa mai ita. Misalinsa misalin babban gida ne mai akwatin gidan waya ɗaya: wasiƙu duka ta nan su ke zuwa, amma akwai mai rabawa ya kai wa kowa tasa. Har wa yau shi ne mai gadin ƙofa. Ƙunshin da ya zo daga waje ba wanda ya aika a kira shi, rauta ya kan hana shi shiga.

Aiki na uku shi ne Wi-Fi. A gaskiya akwatin nan ƙaramin gidan rediyo ne, mai watsawa da kamawa gaba ɗaya. Masu kama tashoshi a gajeren zango sun saba da mita 19 ko mita 25, watau tsawon igiyar rediyon ke nan. To, igiyar Wi-Fi mai kaɗawa sau miliyan 2,400 a sakan tsawonta santimita 12 da rabi ne kawai, ba ta kai taƙi guda ba. Mai kaɗawa sau miliyan 5,000 kuwa santimita 6 ce. Ƙa'idar farko ta fito a cikin 1997 da bit miliyan 2 a sakan, ta 1999 ta kai miliyan 11, na yanzu kuwa sun wuce miliyan dubu.

Kowane zango da halinsa. Na 2,400 ya fi ratsa bango, ya fi nisa, amma ƙunci gare shi: hanyoyi uku ne kaɗai a cikinsa waɗanda ba su hawa kan juna, watau ta 1 da ta 6 da ta 11. Na 5,000 ya fi yalwa da sauri, amma bango ya fi tare shi. Wannan magana tana da nauyi ƙwarai a Makka. Gari ne a cikin kwari tsakanin duwatsu, gidajensa benaye ne na kankare da rodi, a matse da juna, a unguwanni irin su Misfala da Jarwal inda mutanen Afirka ta Yamma su ka daɗe da zama. Ga kuma taron aikin hajji, wanda a cikin 2023 ya haura mutum miliyan 1 da dubu 800, Nijeriya kaɗai an ba ta kujera 95,000. In akwatuna ashirin a bene guda suna magana a kan hanyoyi uku, dole kowa ya jira wani ya yi shiru, kamar taron da kowa ke son magana. Shi ya sa baƙo ya kan ga alamar Wi-Fi a cike a wayarsa, amma saƙo ya ƙi tafiya. Domin rage cunkoso irin wannan, hukumar sadarwa ta Saudiyya ta buɗe wa Wi-Fi wani sabon zango a cikin 2021, mai kaɗawa wajen sau miliyan 6,000, sai dai na'urorin da a ka ƙera dominsa kaɗai ke amfana da shi.

Aiki na huɗu shi ne tarho. A bayan akwatin akwai rami ɗaya ko biyu inda a ke cusa wayar tarhon gida irin na dā. Mai ɗaukar kan tarhon zai ji ƙarar nan da ya saba ji kafin ya buga lamba, ya zaci daga ofis ta fito. A'a, akwatin ne ke yin ta da kansa, shi ne kuma ke kaɗa ƙararrawa in an kira. Sa'ad da mutum ya fara magana, akwatin ya kan auna ƙarfin muryarsa sau 8,000 a kowane sakan, ya rubuta kowane awo da bit 8, jimla bit 64,000 ke nan a sakan. Sa'an nan ya ɗaure su ƙunshi 50 a sakan, ya tura su tare da sauran saƙonnin gidan. A can ɗaya gefen a kan kwance su a jera, murya ta komo kamar yadda ta fita.

Murya kuwa ba ta da haƙurin jira. Wasiƙa in ta makara da sakan biyu ba wanda zai kula, amma masana sun gano cewa in jinkirin murya ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na sakan, masu magana su kan fara katse juna. Saboda haka akwati mai kyau ya kan sa ƙunshin murya gaba da kowane ƙunshi, ko da yaran gida suna kallon majigi a wayoyinsu. Waɗansu akwatunan kuma suna da tsarin DECT, wanda a ka daidaita a Turai a cikin 1992, domin tarho marar igiya. Ya kan riƙe kan tarho har shida, nisansa kamar mita 50 a cikin gini, 300 a fili, zangonsa kuma dabam ya ke da na Wi-Fi, don haka ba su damun juna. Da shi a ke iya kiran ɗaki daga ɗaki kyauta, a ajiye saƙon wanda ya kira ba kowa a gida, a kuma toshe lambar mai damun mutane.

Mai sauraro zai so ya ji yadda murya ke isa Kano daga Makka. Tsakanin garuruwan biyu kamar kilomita 3,500 ne a miƙe. Alhazan dā sun bi ta Barno da Wadai da Sudan a ƙasa, su ka ƙetare Bahar Maliya, waɗansu sai da su ka yi shekaru a hanya. Murya ita ma ba ta bin miƙaƙƙiyar hanya. Ta kan shiga zaren gilashi zuwa Jidda, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku ke fitowa tudu, ta bi teku har Legas, inda irin su SAT-3 da Main One da Glo-1 su ka sauka, sa'an nan ta hau tudu zuwa Arewa. Haske yana cin kilomita 200,000 a sakan a cikin gilashi. Ko da kewayen ya kai kilomita 15,000, kashi 75 cikin 1,000 na sakan ya ishe shi, watau rabin iyakar da kunne ke jurewa.

Amma akwai wani abu da ci gaban nan ya rage wa mutane, wajibi ne kowane mai gida ya san shi. Tsohon tarho ba ya shan wutar gida. Ofishin tarho ne ke aiko masa da wuta mai ƙarfin bolt 48 ta cikin wayar jan ƙarfe, daga manyan batura. Ko gari duka ya yi duhu, tarho yana aiki. Zaren gilashi kuwa ba ya ɗaukar lantarki. In an ɗauke wuta, akwatin ya mutu, intanet da tarho su mutu tare da shi. A lardin Makka an haɗa kiran gaggawa a lamba 911 tun 2016, a Nijeriya kuma akwai 112, amma lamba ba ta da amfani ga wanda tarhonsa ya mutu. Gidan da ke da tsoho, ko majinyaci, ko mace mai ciki, lalle ya tanadi batir domin akwatin, ko wayar hannu mai caji a kusa. Abin ba shi da wuya, gama akwatin ba ya cin wuta da yawa. Yawancinsu wajen wat 10 su ke sha a kan bolt 12, ƙaramin batir kuwa zai riƙe su awoyi da dama.

Sai maganar mazauninsa. Masu ƙera akwatunan nan sun fi yin su domin zafin da bai wuce digiri 40 ba. Makka kuwa ta kan wuce haka da bazara, har an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami lokacin hajjin 2024, kuma Sakkwato da Maraɗi su ma sun san irin wannan zafi a watan Afrilu. Akwatin da ya yi zafi ya kan rage sauri, ko ya riƙa mutuwa yana tashi. Kada a ajiye shi a taga inda rana ke bugu, kada a rufe shi da ƙyalle don tsoron ƙura, kada a kulle shi a kabad na ƙarfe. A sa shi a tsakiyar gida, a bisa, inda iska ke ratsawa, nesa da tankin ruwa, domin ruwa da ƙarfe su ne manyan masu tare igiyarsa.

Game da tsaro, kalmar sirri biyu ce, mutane da yawa kuwa guda su ka sani. Ta farko ta shiga Wi-Fi ce, ta biyu ta shiga cikin akwatin ce a sake shirinsa. Tsohon kulle mai suna WEP an karya shi tun 2001. WPA2 ya fito a cikin 2004, WPA3 a cikin 2018, ɗayan biyun nan ya kamata a zaɓa. A cikin 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban na'urori a duniya, har da rautoci, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai don masu su sun bar kalmar sirrin da su ka zo da ita daga masana'anta. Akwati mai tarho haɗarinsa ya fi yawa, gama ɓarawon da ya shige shi yana iya buga waya ƙasashen waje, kuɗin ya hau kan mai gida. Masu saukar da baƙi kuma su buɗe musu ƙofar baƙi, wadda yawancin akwatuna ke da ita. Ita kamar zaure ce: baƙo ya sami intanet, amma ba ya kaiwa ga na'urorin cikin gida.

Daga ƙarshe, ga abin da alhaji zai duba kafin ya kwance bakin jakarsa a kasuwar Makka. Da fari, wane irin modem ne a ciki? In na wayar jan ƙarfe ne, watau ADSL ko VDSL, ba zai sami abin da zai kama ba a yawancin garuruwan Nijeriya, gama wayoyin NITEL sun daɗe da mutuwa, tun bayan da wayar hannu ta shigo a cikin 2001 ta maye gurbinsu. In na zaren gilashi ne, kamfanin da ya ja zaren ya kan rubuta lambar akwatin a ofishinsa, akwatin da bai sani ba kuwa ba ya karɓarsa. Wanda ya fi dacewa da Kano ko Katsina ko Zariya shi ne mai sim. Shi ma sai a tambaya ko an kulle shi ga kamfani guda, domin kullalle ba ya karɓar sim na wani, a kuma tabbata zangunan da ya ke kamawa sun dace da na kamfanin gida. Ramin tarhon da ke bayansa kuwa ba ya aiki sai kamfanin gida yana ba da wannan hidima. Sa'an nan a karanta rubutun da ke jikin abin cusawa a bango. Wutar Saudiyya tana kaɗawa sau 60 a sakan, ta Nijeriya da Nijar sau 50. In an rubuta bolt 100 zuwa 240, da 50 da 60 duka, to ba laifi.

Wanda ya yi tambayoyin nan tun yana gaban mai kanti ya tsira da kuɗinsa, gama daga Kano ba a komawa Makka mayar da kaya. Wanda kuma akwatin ke gidansa riga, ya tashi yau ya duba abu uku: inda a ka ajiye shi, da kalmar sirrinsa, da abin da zai riƙe shi in an ɗauke wuta.